Awon Rauni: Kalmar "Grievous" Tsakanin Aji da Asibiti da Kotu

     

Abin da zan yi magana a kansa yau kalma ce guda ɗaya ta Ingilishi, siffa ce mai haruffa takwas, wato "grievous", kuma na tabbata a cikinku akwai wanda zai ce a ransa, ina dalilin tara dattawa da malamai saboda kalmar da ƙamus zai warware ta a layi biyu? Amsata ita ce, wannan kalma, ko da yake ba a jin ta a kasuwa ko a tashar mota, tana zaune cikin dokar da ake yi wa mutanen ƙasar nan hukunci da ita tun shekarar 1960, kuma duk ranar da aka yi faɗa a bakin gona ko a wurin gangamin siyasa har jini ya zuba, to, rubuta ta ko barin ta a takardar tuhuma shi ke raba tsakanin ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba da ɗaurin da zai iya kai shekara bakwai. Kalmar da ke ɗauke da shekara shida na rayuwar mutum ta cancanci a zauna a yi mata karatun tsanaki.

Bari mu fara da asalinta, kamar yadda malamanmu na lugga suka koya mana cewa ba a fahimtar lafazi sai an koma ga tushensa. Kalmar ba haifaffiyar Ingilishi ba ce. Daga Faransanci ta shigo, Faransancin kuma ya gaje ta daga kalmar Latin "gravis", wadda ma'anarta ita ce abu mai nauyi. Hanyar shigowarta kuwa ita ce yaƙi, domin a shekarar 1066 Normandawa suka ƙetaro daga Faransa suka ci Ingila, harshensu ya zama harshen fada da na shari'a, talakan Ingila ya riƙa tsayuwa gaban alƙali ana yanke masa hukunci da harshen da ba ya ji, har sai a shekarar 1362 aka kafa dokar da ta ce a riƙa yin shari'a da Ingilishi, saboda mutane ba sa fahimtar abin da ake faɗa a kansu ko a madadinsu. Ku dubi wannan da kyau, ya 'yan uwa: su kansu Turawan Ingila sun shekara kusan ɗari uku cikin halin da manominmu ke samun kansa a ciki idan ya shiga kotun majistare, kuma su da kansu suka shaida cewa zalunci ne.

Daga wannan tushe na nauyi kalmomi da dama suka tsiro: "grief", wato baƙin cikin da ke danne zuciya bayan rashi, "grave", wato al'amari mai girma da ba a wasa da shi, har da "gravity", sunan da masana kimiyya suka ba ƙarfin da ke jawo abu zuwa ƙasa. Saboda haka idan Bature ya siffanta wani abu da "grievous", yana nufin cuta ce da ta auka wa wani, ta yi masa nauyi, ta bar shi da wahala ko baƙin ciki mai daɗewa. Shi ya sa ba ta raɓar kowane suna, sai sunayen ɓarna: rauni, da hasara, da kuskure, da zunubi, da zalunci.

A nan nake son ɗalibai da malaman Ingilishi su buɗe kunne, domin wannan harshe yana da siffofi da yawa da mu kan taru mu fassara su duka da "mai tsanani", alhali kowace da gurbinta. Kalmar "serious" ita ce ta yau da kullum, mai faɗin gaba, tana shiga wurin ciwo tana kuma shiga wurin yabo, har samarinmu sun are ta suna cewa wane siriyas ne, suna nufin mai himma ne. Kalmar "severe" tana auna ƙarfin abu, kamar zazzaɓi ko fari ko horo. Kalmar "critical" a bakin likita tana nufin majinyaci yana tsakanin rai da mutuwa, ana jiran ikon Allah. Amma "grievous" ba a taɓa yabon mutum da ita, ba a kuma jefa ta cikin hira. Tsohuwar kalma ce mai kwarjini, ta littattafan addini da na shari'a, kuma ɗalibin da ya rubuta ta a takardar neman izini saboda ciwon kai na yini guda ya ɗora wa ƙaramin abu babban suna. Sa'an nan gaɓa biyu gare ta wajen furuci. Masu ƙara harafin "i" bayan harafin "v" su mai da ita gaɓa uku kuskure suke yi, ko da a Ingila ake jin su.

To, yaya aka yi wannan kalma ta baro Ingila ta zo ta zauna a kotunan ƙasar Kano? Tafiyarta doguwa ce, ta bi ta Indiya ta biyo ta Sudan. A shekarar 1837 wani masanin Ingila, Lord Macaulay, da abokan aikinsa suka tsara daftarin dokar laifuffuka domin ƙasar Indiya, aka zartar da ita a shekarar 1860. Daga gare ta aka ɗebo dokar da aka kafa wa Sudan a shekarar 1899. Da mulkin kai ya gabato, gwamnatin Jihar Arewa a ƙarƙashin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ta kira kwamitin masana shari'a a shekarar 1958, wanda Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, ya shugabanta, a cikinsa akwai Mai Shari'a Muhammad Sharif daga Pakistan, da Farfesa Anderson daga Landan, da Shettima Kashim na Barno, da wasu manya na ƙasar nan. Shawararsu ce ta haifi dokar da muke kira Final Kod, wadda majalisa ta zartar a shekarar 1959, ta fara aiki ranar 30 ga Satumba, 1960, ana gobe za a karɓi 'yancin kai, aka kuma riƙa kai alƙalanmu Makarantar Koyon Mulki ta Kongo a Zariya domin su koyi aiki da ita.

Abin lura a nan shi ne, Ingila da Indiya sun rabu a kan yadda za a bi da wannan kalma. A Ingila dokar 1861 ta ambaci raunin da ta kira "grievous" amma ta bar shi ba iyaka, har a shekarar 1960 babbar kotunsu ta wancan zamani ta ce a ɗauki kalmar bisa ma'anarta ta kowa da kowa, wato rauni mai tsanani na haƙiƙa, masu yanke hukunci su duba su gani. Su kuwa waɗanda suka tsara dokar Indiya sun gwammace su ƙidaya raunukan ɗaya bayan ɗaya, domin kada alƙali ya auna da son ransa, kuma wannan tafarki shi muka gada.

Sashe na 240 na Final Kod ya ce duk wanda ya jawo wa wani zafin jiki ko cuta ko nakasa ya yi masa rauni. Sashe na 241 kuwa ya keɓe iri bakwai ya ce su ne rauni mai girma. Na farko, kashe wa namiji mazakuntarsa. Na biyu, raba mutum har abada da ganin ido ɗaya, ko jin kunne ɗaya, ko ikon magana. Na uku, raba shi da wata gaɓa ta jikinsa. Na huɗu, lalata amfanin gaɓa ko raunana ta har abada, ko da tana nan a manne. Na biyar, ɓata kamannin kai ko fuska da tabon da ba ya gushewa. Na shida, karya ƙashi ko haƙori, ko gusar da shi daga mazauninsa. Na bakwai, duk raunin da ya jefa rai cikin haɗari, ko ya sa mutum ya kwana ashirin cikin azabar ciwo, ko ya kwana ashirin bai iya yin sana'arsa ta kullum ba. Dokar, kamar yadda aka kafa ta, ta yanke wa mai yin ƙaramin rauni da gangan, ba tare da an tsokane shi ba, ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba. Mai yin babban rauni kuwa har shekara bakwai da tara. Idan da makami mai haɗari ya yi, har shekara 14.

Ina roƙonku ku tsaya a kan na shida da na bakwai, domin su ne suka fi shafarmu, su ne kuma jama'a suka fi jahilta. Saurayin da ya kai wa abokin gardamarsa naushi ya fasa masa haƙori ɗaya, ya koma gida yana cewa ai ɗan faɗa ne irin na yara, bai san cewa a idon doka ya riga ya ƙetare iyaka ba, ya shiga sahu ɗaya da wanda ya karya ƙafa. Game da kwana ashirin kuwa, duk wanda ya san damina a ƙasar Gwarzo da Kabo ya san hikimar wannan adadi ba sai an yi masa sharhi ba: manomin da aka sauke wa gora a kafaɗa a lokacin noman fari, ya kwana ashirin bai ɗaga fartanya ba, ciyawa ta riga ta cinye masa dawa da gyaɗa, kuma raunin da aka yi wa kafaɗarsa a watan Yuli iyalinsa za su ji shi a rumbu a watan Maris. Ko fatarsa ba ta tsage ba, ko ɗigon jini bai fita ba, an cuce shi cuta mai nauyi.

Yanzu kuma, Allah ya gafarta malamai, bari in juyo ga abin da kuka fi ni sani, domin kada ɗalibanmu su tashi da zaton cewa awon rauni ilmi ne da ya zo mana a jirgin ruwa. Tun kafin a haifi kakannin Macaulay, almajirin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 386 ta Hijira, ko ya kai ga Muhtasar na Shaihu Halilu, ya san cewa fuƙaha'u sun jera raunukan kai da fuska daraja daraja, kowanne da sunansa, tun daga wanda ya ƙwarzani fata kawai, zuwa wanda ya tsaga nama, zuwa wanda ya nutsa cikinsa. Idan rauni ya kai ga bayyana ƙashi, shi ne muliha, diyyarsa raƙuma 5. Idan ya farfasa ƙashin har ɓaraguzansa suka gusa, shi ne munaƙƙila, raƙuma 15. Idan ya huda ƙoƙon kai ya kai ga rufin ƙwaƙwalwa, shi ne ma'amuma, sulusin diyya. Haka kuma ja'ifa, wadda ta huda ta shiga cikin ciki, ita ma sulusi. Cikakkiyar diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. Ido ɗaya rabinta, yatsa ɗaya raƙuma 10, haƙori ɗaya raƙuma 5. Asalin mafi yawan waɗannan adadai yana cikin wasiƙar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rubuta wa Amru ɗan Hazmu lokacin da ya aike shi Najrana, wadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Kuma a cikin birnin Kano ɗin nan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Liya'ul Hukkami domin shiryar da masu hukunci, tun ba a yi mafarkin zuwan Turawa ba.

Akwai ƙa'idoji biyu a wannan babi da nake ganin sun isa abin alfahari. Ta farko, malamai sun ce ba a yanke diyyar rauni sai ya warke, domin sai a lokacin ake sanin abin da ya bari, ko ya tafi ba tabo, ko ya bar nakasa, ko kuwa ya zarce ya zama ajali. Ta biyu, ko da yake Alƙur'ani mai girma ya tabbatar da ƙisasi a raunuka a Suratul Ma'ida, malaman Malikiyya sun hana ƙisasi a ma'amuma da ja'ifa da munaƙƙila da karayar cinya da makamantansu, saboda tsoron kada a je rama rauni a kashe rai, sai suka mai da su ga diyya. Wanda ya yi tunani a kan waɗannan zai ga cewa magabatanmu sun ɗauki jikin ɗan Adam da daraja ƙwarai, jikin wanda aka cuta da jikin wanda ya yi cutar gaba ɗaya.

Idan muka jera hanyoyin nan biyu za mu ga inda suka haɗu da inda suka rabu. Fiƙihu ya fi duban zurfin rauni da gaɓar da ta salwanta, ya kuma bar haƙƙin a hannun wanda aka cuta, in ya so ya karɓa, in ya so ya yafe don Allah. Final Kod ta fi duban abin da raunin ya bari da tsawon jinyarsa, ta kuma mai da laifin haƙƙin hukuma, ko da yake ta ba kotu ikon sa mai laifi ya biya wanda ya raunata. Amma dukansu sun yi ittifaƙi a kan asali guda, shi ne cewa girman rauni abu ne da ake aunawa da ƙa'ida sananniya, ba a barinsa ga ƙarfin kukan mai ƙara, ko ga yawan danginsa, ko ga kusancinsa da masu iko. Tun da Jihar Kano ta kafa dokar laifuffuka ta Shari'ar Musulunci a shekarar 2000, hanyoyin nan biyu suna aiki kafaɗa da kafaɗa a ƙasarmu, saboda haka wajibi ne mai ilmi a cikinmu ya san su duka.

Wannan ya kawo ni ga zuciyar maganata. Kowa a nan ya san hukuncin mai awo a kasuwa wanda ke cika mudu idan zai saya, ya tauye idan zai sayar, ya kuma san irin narkon da Allah ya yi wa masu wannan hali a Suratul Muɗaffifina. To, siffa ita ma mudu ce, kuma masu riƙe da ita a sha'anin rauni mutum uku ne.

Na farko shi ne ma'aikacin lafiya, tun daga ɗakin shan magani na ƙauye har zuwa Babban Asibitin Gwarzo, wanda ake kawo wa mai rauni tare da takardar 'yan sanda. Alƙali bai ga raunin ranar da aka yi shi ba. Abin da zai gani shi ne rubutunka. Saboda haka ka rubuta abin da idonka ya gani da abin da hannunka ya taɓa: a wace gaɓa yake, tsawonsa nawa, zurfinsa nawa, ƙashi ya karye ko targaɗe ne, kwana nawa aka yi ana jinya. Layi biyar na bayani sun fi wa kotu amfani bisa babbar kalma guda da aka rubuta don a faranta wa dangin majinyaci, kuma idan mai ɗori ne ya fara duba karayar kafin a zo gare ka, wannan ma ka rubuta shi.

Na biyu shi ne tafinta da magatakardan kotu. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 36, ya wajabta a sanar da wanda ake tuhuma laifinsa dalla dalla da harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta kyauta idan ba ya jin harshen kotu. Tafintan da aka karanta wa tuhumar babban rauni ya juya ya ce wa mutum, wai ana tuhumarka da ji wa wane ciwo, mutumin ya amsa ya ce haka ne, na ji masa, to, ya sa shi ya yi iƙirari da abin da bai fahimta ba, kuma shekarun da za su biyo baya suna wuyan tafintan. Abin da ya kamata shi ne ya ce masa ana tuhumarka da yi wa wane babban rauni, irin wanda doka ta ƙidaya, wato ka karya masa ƙashin hannu, hukuncinsa kuma ya fi na ƙaramin rauni nesa ba kusa ba. Tafinta amini ne, shaida ne tsakanin harsuna biyu, kuma za a tambaye shi.

Na uku shi ne malamin makaranta, wanda daga ajinsa likitan da tafintan da ɗan sandan duk suka fito. Idan ka koya wa yaro kalmomi biyar ka ce masa duk ma'anarsu ɗaya ce, ka sauƙaƙa wa kanka darasin yau, ka kuma gadar wa wata kotu ruɗani bayan shekara goma sha biyar. Ka koya masa kowace kalma tare da sunayen da take raɓa da wurin da ake faɗinta, sa'an nan ka tambaye shi Hausarta, domin yaron da ya san bambancin ƙujewa da rotse, da targaɗe da gocewar ƙashi da karaya, ya riga ya mallaki ma'aunin a harshen uwarsa, abin da ya rage kawai a nuna masa takwaransa a harshen baƙi.

Iyayenmu masu unguwanni da dagatai, ku ma kuna da rabo a wannan magana, domin kafin ƙara ta kai gaban alƙali a zaurenku take fara sauka, musamman da kaka, lokacin da shanu ke gangarowa amfanin gona bai gama shiga gida ba. Sulhu alheri ne, kuma ba abin da ya riƙe ƙauyukanmu kamarsa; amma sulhun da aka gina a kan ƙanƙanta raunin talaka, a ce masa ai ba kome, yi haƙuri, alhali hannunsa ba zai sake riƙe garma ba, wannan danne haƙƙi ne, kuma ƙullin da ya bari a zuciya shi ke tashi wata shekara ya zama faɗan dangi da dangi. Ku kira raunin da sunansa, a san girmansa, a san haƙƙin da ke kansa, sa'an nan a roƙi mai haƙƙi ya yafe yana sane da abin da ya yafe. Afuwar da aka yi bisa sani ita ce mai lada, ita ce kuma mai ɗorewa.

Ku kuwa samari, ku ne kuka fi kowa kusa da wannan sashe na doka, a filin ƙwallo, da wurin biki, da lokacin zaɓe da ake raba muku gora da adda a ce ku raka wane. Wanda ya ba ku makamin ba zai tsaya tare da ku gaban alƙali ba, ba zai kuma tsaya tare da ku gaban Allah ba. Bugu ɗaya na daƙiƙa guda yana iya zama shekara 14 a kurkuku, yana iya zama sulusin diyya a kan gidan da bai mallaki ko saniya ɗaya ba, yana kuma iya zama makantar wani bawan Allah har ƙarshen ransa. Ku riƙe hannuwanku, ku nemi ilmi da sana'a.

Ina roƙon Allah ya ba alƙalanmu basira da tsoronsa, ya ba ma'aikatan lafiyarmu gaskiya a alƙalaminsu, ya sa albarka a karatun 'ya'yanmu, ya zaunar da ƙasar Gwarzo da Kabo da Jihar Kano da Nijeriya baki ɗaya lafiya, ya ba mu damina mai albarka da kaka ba tashin hankali.